Hukumar inshora ko ƙungiyar agaji: a ina zaki fara?

Ƙanwata ta gama mastas ɗinta a fannin lafiyar al'umma, Allah cikin ikonsa ƙofa biyu suka buɗe mata a lokaci guda, ɗaya aiki ne a hukumar inshorar lafiya ta gwamnati sashen tsare-tsare, ɗayan kuma wata ƙungiyar agaji ce da ke aikin kai magani da rajistar marasa ƙarfi, albashin ƙungiyar ya fi kauri sosai amma kwantiragi ne na shekara biyu. Ta kira ni da dare tace "Yaya ni fa kaina ya ɗaure, dukansu cewa suke aikin sauƙaƙa wa talaka samun magani ne, toh menene bambancin?" Mun kusa awa biyu a waya, bayan mun gama nace bari dai in rubuta abun saboda nasan ba ita kaɗai ke cikin wannan ruɗanin ba. Na zauna a ɓangarorin biyu, kuma ina da inda na karkata, zan faɗa, amma sai na fara baje komai a faifai.

Abun da na fara ce mata shine katin inshora daban, samun magani daban. Wata rana ina tsaye a tagar ba da magani ta wani asibiti, wata mata ta miƙa katinta, sabo fil ko lanƙwasa bai yi ba, mai ba da magani ya duba takardar likita ya ɗago kai yace biyu daga ciki babu sai dai ta saya a waje, ta tsaya tana juya katin a hannunta kamar tana neman inda aka rubuta cewa haka za a yi. A rahoton wata-wata wannan matar tana cikin waɗanda "aka rufe da inshora", a zahiri ta tafi gida da rabin magani. Da na bi sawun abun sai na tarar asibitin watanni ne ba a biya shi kuɗin aikin da yayi ba, shi kuma dillalin magani ya daina ba shi bashi. Kinga matsalar ta bayyana a taga, amma an haife ta a wani tebur mai nisa inda takardun neman biya suka taru. Ma'aikacin ƙungiya a tagar yake tsaye, ma'aikacin hukuma a teburin yake zaune, duk bambancin ayyukan biyu daga nan ya taso.

Bari in fara da hukuma, dan nan ne mutane suka fi rashin fahimta, gani suke zaman ofis ne da shan iska da sa hannu a fayil. Aikin tsare-tsaren inshora tambaya huɗu yake ta jujjuyawa kullum: ina za a samo kuɗin, a tukunya nawa za a tara su, me za a saya da su, kuma ta wace hanya za a biya asibiti. Duniya ta daɗe tana kokawa da ta farkon. Jamus tun 1883 zamanin Bismarck ta ɗauki hanyar cire kaso daga albashin ma'aikaci da na mai ɗaukar aiki, Ingila a 1948 ta kafa nata tsarin kan haraji kowa ya je asibiti ba tare da an tambaye shi kuɗi a bakin ƙofa ba. Hanyar Jamus tana tafiya ne inda galibin jama'a ke karɓar albashi a rubuce, amma inda mafi yawa manoma ne da 'yan tireda da masu sana'ar hannu babu albashin da za a yanka, in kuma kace kowa ya kawo da kansa bisa ganin dama, wanda zai zo shine mai ciwo da mai ciki, lafiyayye ya zauna abunsa a gida, tukunya ta ƙone tun kafin shekara ta zagayo. Shi yasa Gana da ta yi dokarta a 2003 ta ɗora kashi 2.5 cikin ɗari a kan harajin kayan masarufi ya zama shine ƙashin bayan asusun, shi yasa kuma Najeriya a dokar 2022 ta maida inshorar dole. Irin wannan muhawarar ce abincin ma'aikacin hukuma, in baki jin daɗinta tun yanzu toh ki sake tunani.

Amma inda ni na fi ganin daɗin aikin, inda kuma ake da ƙarancin masu iyawa, shine tambaya ta huɗu, yadda ake biyan asibiti. In kika ce zaki biya asibiti gwargwadon kowane aiki da yayi, gwaji kaza kuɗi kaza, allura kaza kuɗi kaza, toh ki shirya ganin gwaje-gwaje sun ninka, mai ciwon kai ma sai an ɗauke shi hoto. In kuma kika ce a'a, zaki ƙirga kawunan da suka yi rajista a asibitin ki ba shi kuɗi dunƙule duk wata ko sun zo ko basu zo ba, sai abun ya juye, asibiti ya fara tsuke hannu, ya dinga tura marar lafiya gaba dan kada ya ci masa kuɗi. Babu wadda bata da cuta a cikinsu. Tailan da ta fara shirinta na kowa-da-kowa a 2002, wanda aka fi sani da shirin baht 30 (baht shine kuɗin ƙasar), ta haɗa ne, ƙidayar kai ga masu zuwa su koma gida, su kuma waɗanda aka kwantar ana biya bisa rukunin cuta amma a ƙarƙashin rufin kasafi guda da ba a tsallakewa, kuma a cikin ƙasar dai akwai tsohon shirin ma'aikatan gwamnati da ya fi dogara da biya gwargwadon aiki, abun da yake kashewa kan kowane mutum ninki-ninki ne na shirin talakawa. Ƙasa ɗaya, asibitoci kusan ɗaya, bambancin kawai dokar biya. Gana kuwa ta gwada ƙidayar kai a yankin Ashanti daga 2012, asibitoci masu zaman kansu suka tayar da jijiyar wuya, siyasa ta shigo ciki, zuwa 2017 aka ajiye shi. Wato dabara ɗaya ta zauna a can ta ƙi zama a nan, kuma mutanen da suke zaune a irin kujerar da aka yi wa ƙanwata tayi sune suke rubuta irin wannan dokar, layi ɗaya a takarda ya canza halin dubban likitoci da basu taɓa ganin fuskarki ba. Wannan ƙarfin babu ƙungiyar da zata baki shi.

Akwai kuma ɓangaren da ke hana barci, zaɓen abun da za a saka a jerin magungunan da inshora zata biya. Kuɗi ba sa isa, ko a ƙasa mai arziƙi. Ingila tun 1999 ta kafa hukuma ta musamman da ke auna ko sabon magani ya cancanci kuɗinsa, Tailan ma ta kafa tata a 2007. Da farko Tailan bata saka wankin ƙoda a shirinta ba saboda tsada, iyalai suna ta karyewa, sai a 2008 aka saka shi da sharaɗin a fara da wankin da ake yi ta ciki a gida kafin a je ga na'ura. Ki ɗauka ke ce a ɗakin da ake wannan lissafin, a gefe ɗaya masu ciwon ƙoda da kike iya ganin fuskokinsu suna zuwa har ofis, a ɗaya gefen yara da yawa da kuɗin zai yi wa rigakafi waɗanda babu mai zuwa yayi kuka a madadinsu. Wani zuciyarsa bata ɗaukar wannan, kuma ba laifi bane, gara dai mutum ya san kansa tun da wuri.

Toh aibin hukuma fa? Jinkiri, na ɗaya. Zaki rubuta takarda mai kyau ki kwana a kanta, ta shiga kwamiti, kwamiti ya haifi ƙaramin kwamiti, a canza shugaba, sabon yace a dawo da komai daga farko. Na biyu siyasa, wadda tafi ƙarfin duk alƙalumanki. Meziko ta gina shirin inshorar lafiya na Seguro Popular daga 2004 ƙarƙashin ministan lafiya Julio Frenk, ya ɗauki mutum fiye da miliyan 50, ana misali da shi a ajujuwan jami'a, amma bayan sabuwar gwamnati ta zo, sai a farkon 2020 aka rushe shi aka kafa wani. Kenya ma a 2024 ta naɗe tsohon asusunta ta kafa sabuwar hukuma. A Amurka dokar inshorar lafiya ta Obama ta 2010 shekara da shekaru tana yawo tsakanin majalisa da kotu. Ma'aikacin da ya ba irin wannan shirin ƙuruciyarsa sai dai ya haɗiye. Na uku albashi, a mafi yawan wurare bai kai na ƙungiya ba, sai dai akwai zama daram da fansho da hawa mataki-mataki. Na huɗu kuma wanda ba a cika faɗa ba, kina iya shekara biyar baki taka asibitin karkara ba, mutane su koma miki lambobi a Excel, ki fara magana kamar rahoto.

Ƙungiya kuwa akasin haka ne kusan a komai. Da safe kin fita, da yamma kin ga abun da kika yi. Ke ce zaki gano cewa abun da ke hana mata zuwa awo ba kuɗin asibiti bane, kuɗin mota ne, ko kuma ma'aikaciyar ɗaya ce tak kuma ranar da ta tafi taro asibitin a rufe yake, ko kuma katinsu ya ƙare basu sani ba saboda babu wanda ya taɓa gaya musu ana sabuntawa. Irin wannan ilimin ba a samunsa a mitin. Gana da ta buɗe sabunta kati ta wayar hannu a 2018 ai amsa ce ga abun da mutanen fili suka daɗe suna gani, dogon layi a ofishin gunduma yana korar mutane. Ruwanda ma da ta fara gwada asusun al'umma a 1999 bata kai inda ta kai ba sai da ƙafar ma'aikatan ƙauye masu bi gida-gida. A ƙungiya ana koyon abubuwa da sauri, rubuta neman tallafi, riƙe kasafi, jagorancin mutane tun kina ƙarama, ga horo ga tafiye-tafiye ga haɗuwa da mutanen da gobe zasu buɗe miki ƙofa.

Amma kuɗin ba naku bane, ajandar ma sau da yawa ba taku bace. Mai ba da tallafi in yace bana cuta kaza yake so toh cuta kaza za a yi, ko da abun da ke kashe mutane a wurin wani ne daban. Sannan aikin yana da ranar mutuwa tun ranar haihuwarsa. Na taɓa komawa wani wuri shekara ɗaya bayan mun rufe aiki, allon sanarwarmu yana nan fenti bai ko dushe ba, firjin rigakafi yana nan amma a kashe an ɗora masa fayil-fayil a kai, rajistar da muka koya wa ma'aikata cikewa an tsaya a daidai watan da alawus ya tsaya. Ban ga laifinsu ba, mu ne muka gina abu a gefen tsari maimakon a cikinsa. Kuma duk wanda yake wannan fagen ya ga abun da ya faru a 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje ta rufe USAID, hukumarta mai ba da tallafin, ma'aikata da yawa a ƙasashe daban-daban wasiƙa ɗaya ta sallame su, ƙwararru masu shekara goma sha a aiki suka koma neman gurbi. Albashin nan mai kauri da ƙanwata take kallo, wani ɓangarensa kuɗin haɗari ne, ladan rashin tabbas, in zaki karɓa ki karɓe shi da wannan fahimtar ki dinga ajiya tun watan farko.

Akwai ƙofa biyu da ƙanwata bata tambaya ba amma zan taɓa su a gurguje. Bincike a jami'a ko cibiya, ya dace da mai haƙurin tambaya ɗaya shekara uku, kuma mai iya karɓar amsar da bata yi masa daɗi ba, misali a jihar Oregon ta Amurka a 2008 an raba gurbin inshorar marasa ƙarfi ta hanyar ƙuri'ar sa'a saboda gurbin bai isa ba, masu bincike suka bi waɗanda suka ci da waɗanda basu ci ba, suka tarar masu inshora sun fi zuwa asibiti, bashin magani ya ragu, ciwon damuwa ya ragu, amma hawan jini da makamantansa cikin shekara biyu ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Kowane ɓangare na siyasa ya ɗauki rabin da yake so ya gudu da shi, mai bincike shi kuma dole ya faɗi duka. Ɗayar ƙofar kamfanin inshora mai zaman kansa ne, wanda makaranta ce mai kyau ta koyon tantance takardun biya da gano coge da lissafin haɗari, sai dai ki sani ribar kamfani tana ƙaruwa ne duk lokacin da ya rage abun da yake biya, in burinki talaka ne wata rana zuciyarki da aikinki zasu ja daga.

Maganar abun da ake buƙata, nan ma akwai kuskuren da ake yawan yi, ana zaton sai likita. Ba haka bane, likita yana da amfani wajen tantance ko aikin da asibiti yace yayi ya dace da cutar, amma teburin tsare-tsare yana cike da masu tattalin arziƙi da akantoci da lauyoyi da masu harhaɗa magani da masu lissafi. A hukuma abun da zai ɗaga ki shine alƙaluma da rubutu, ki iya Excel da gaske ba na jera suna ba, ki ƙara da manhajar nazarin alƙaluma irin su Stata ko R, ki iya karanta doka da kasafin kuɗi, sannan ki iya matse shafi arba'in ya koma ɗaya dan babban da zai sa hannu minti biyar gare shi. A ƙungiya abun da zai ɗaga ki shine mu'amala da juriya da iya tsara aiki da rubuta rahoton da mai tallafi zai gamsu. Mai saurin gajiya da zama ɗaya hukuma zata shaƙe shi, wanda kuma hankalinsa baya kwanciya sai ya san inda zai kasance shekara biyar masu zuwa, ko yana da iyali da yawa a wuyansa, ƙungiya zata sa masa hawan jini.

Aikin dai ba zai ƙare ba ta kowane ɓangare, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya na 2023 yace kimanin mutum biliyan 4.5 basu samun cikakkiyar kulawar da ta zama dole, kusan biliyan 2 kuma kuɗin magani yana jefa su cikin ƙunci. Amma akwai wani adadi da ya fi tsaya min a rai, a rahoton 2010 hukumar ta ƙiyasta kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na abun da ake kashewa kan lafiya a banza yake tafiya. Wannan ɓarnar ba a tagar magani ake toshe ta ba, a teburin biya ne, kuma shine dalilin da yasa na karkata inda na karkata.

Abun da nace mata shine, in babu wata larurar kuɗi mai tsanani da ta shaƙe ki yanzu-yanzu, ki ɗauki hukuma, amma da sharaɗi biyu. Na farko kada ki yarda a ajiye ki a sashen tsare-tsare kai tsaye ki fara rubuta dokar abun da baki taɓa gani ba, ki roƙi a fara kai ki sashen tantance takardun biya ko da shekara ɗaya ce, wurin da kowa ke gudu saboda tarin aiki, dan a nan zaki ga asibitin da yake rubuta tiyata goma a ranar da likitansa ɗaya, ki kuma ga asibitin kirki da aka riƙe wa kuɗi saboda kuskuren lamba ɗaya. Na biyu duk fitar duba asibitoci da za a yi ki sa sunanki, ki je ki tsaya a tagar nan da kanki. Dalilina mai sauƙi ne, wanda ya san yadda kuɗi ke tafiya a cikin hukuma ƙungiyoyi da manyan cibiyoyin duniya nemansa suke, ƙofar fita a buɗe take duk ranar da kika so, amma wanda ya saba da albashin ƙungiya da saurinta da wuya ya iya dawowa ya zauna a matakin ƙasa na gwamnati yana jiran fayil. In kuwa larurar tana nan, ki ɗauki ƙungiyar ba tare da jin kunya ba, sai dai ki tambaye su tun a intabiyu wa zai ci gaba da biyan kuɗin aikin bayan shekara biyun, ki kuma nemi a baki ɓangaren da yake hulɗa da hukumar inshora kai tsaye.

Tayi shiru can tace "Toh Yaya in na shiga hukumar suka maida ni mai ɗaukar minit ɗin mitin fa?" Nace ki ɗauka, ki rubuta shi da kyau, ni ma da shi na fara, kuma a nan na fara gane waye yake yanke hukunci da gaske a ɗakin da waye kawai yake da babbar kujera. Tace zata yi istihara, ranar Litinin ne wa'adin ba da amsa.